Ƙarin ƙwan lantarki a banɗaki: daga ina ake jan wayar?

Baffa: To jama'a barkanmu da warhaka. Injiniya, tun ranar da ka saka hoton madubin nan da ka ƙara wa ƙwai a guruf ba a bar mu mun huta ba, kowa sai yanzu ya gano banɗakinsa duhu ne.

Injiniya: Ai gaskiya ne Baffa. Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin, ka tsaya aski gaban madubi, inuwar kanka ce ke rufe maka fuska. Amma abin da ya tayar min da hankali saƙonni uku ne duk iri ɗaya, wai sun ja waya daga makunni ƙwan ya ƙi kamawa, ko kuma ya kama dishi-dishi shi da tsohon.

Anti: Nima ai can zan ja, shi ne kusa da madubin.

Injiniya: Kin gani ko. A yawancin gidajenmu babu nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikin makunni Anti, layif mai kawo wutar ce ta shiga ta fita kawai. Ki haɗa ƙwai a kan wayoyin nan biyu kin jera su ne a layi ɗaya, bol 230 ɗin nan sai su raba shi tsakaninsu, shi ya sa kowanne ke ba da haske kamar aci-bal-bal. Wurin da ake ja shi ne holdar tsohon ƙwan, wato mazaunin da ake ɗaura shi, a nan za ki samu layif da ta riga ta bi ta makunni, ga nutural, ga wayar ƙasa in an saka ta. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, in sabon launi ne ruwan ƙasa layif ce, shuɗi nutural, kore mai ratsin ɗorawa kuma ta ƙasa ce. Waya mai kaurin 1.5mm² ta isa, ƙwan LED mai wat 9 ba wani nauyi zai ɗora wa bireka mai am 6 ba. Kuma don Allah a sa kwanekta, ɗan abin nan na haɗa wayoyi, a daina murɗa waya ana nannaɗe ta da tef a cusa cikin silin, tururin wanka yana sa tef ɗin ya saki.

Baffa: Tururi kuwa, yanzu da sanyi ya shigo kowa na dafa ruwa.

Anti: Hita a bokiti Baffa! Jiya na tarar da yarinyata ta sa yatsa tana jin ko ruwan ya yi zafi, hitar na ciki ba ta cire daga soket ba, wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi.

Baffa: Innalillahi. Mu a gida tun bara na hana, a butar lantarki ake dafawa a kicin a juye.

Anti: Butar ma ai yaran in sun cika ta sai ta tafasa ta zubo kan gindinta.

Baffa: To a dawo gawayi kenan, ko a tara wa rana bokiti yadda muka taso.

Anti: Da asuba wace rana Baffa?

Injiniya: Ku bari in ƙarasa, don wannan shi ne ya fi damuna. Mutum ya ga an ɗauke wuta sai ya ce bari in yi sauri kafin a kawo, ya hau kujera ƙafa ba takalmi a kan tayil mai danshi. Wa ya faɗa maka lokacin da za a kawo? Ko yaro ya tayar da janareta, ko inbata na nan tana ba layin fitilu wuta kai ba ka sani ba. A sauke bireka, a kashe inbata, a gwada tasta, abin gwada wuta, a soket mai wuta a ga tana aiki, a gwada wayar da ita a ga babu wuta, sannan a taɓa wayar. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, na sha buɗe holda in tarar nutural aka bi da ita ta makunni, layif tana zaune a holdar dare da rana. Fitilar kuma in tana kusa da shawa a sayi rufaffiya, a duba kwalinta a ga IP44, alamar tana jure fantsamar ruwa, ko sama da haka, kuma a ce akwai RCD, na'urar da ke yanke wuta in ta yi yoyo, mai miliam 30 a allon birekokin gidan.

Baffa: Ka yi alkawarin za ka yi bayanin yadda ake ba sabon ƙwan makunninsa daban.

Injiniya: Wannan sai an jawo layif wadda ba ta bi ta makunni ba daga jankshin, akwatin da wayoyi ke haɗuwa, bayaninsa ya fi tsayi, wanda bai saba ba ya kira mai aikin wuta kawai.

Anti: An kira sallah, mako mai zuwa ka fara da shi.