Zumunci da Neman Halali a Cikin Waya: Laccar da Aka Gabatar wa Matasa da Ƙananan 'Yan Kasuwa a Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan kafafen sada zumunta, yadda mutum zai shiga ya amfana ta wajen zumunci da ta wajen sana'a. Abubuwa huɗu na tsara, za mu bi su in Allah ya yarda.

Na farko, mu san masu gidan. Facebook a 2004 aka kafa shi, Mark Zuckerberg yana ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, sai a 2006 aka buɗe wa kowa. LinkedIn ya girme shi da shekara guda. WhatsApp 2009, Instagram 2010. Facebook ya saye Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya saye WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Ke nan ukun nan mai su ɗaya ne, kamfanin Meta. Kuna tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da duka ukun suka ɗauke wajen awa shida? Ga Alhaji can yana gyaɗa kai, da alama ranar ya sha kashe waya yana kunnawa. A shekarar kuma gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022. Saboda haka lambobin masu sayen kayanka, ka rubuta su a littafi. Littafi na takarda nake nufi.

Na biyu, kuma wallahi shi ne ya kawo ni. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da bincike a 1973. Ya bi mutanen da suka samu aiki ta hanyar wani, a kusa da birnin Boston, yana tambayarsu wa ya ba su labarin aikin. Sai ya tarar yawanci ba aminai ba ne, mutanen da ake haɗuwa jefi-jefi ne. Ku tsaya ku yi tunani. Amininka majalisarku ɗaya, masallacinku ɗaya, abin da ya ji kai ma ka ji. Amma wanda kuka yi firamare tare, yanzu yana Fatakwal, ko wanda kuka haɗu a masauki a Makka, shi yana jin abin da ba ya zuwa kunnenka. Labarin aiki, labarin mai neman buhu ɗari na riɗi, daga wajensa zai fito.

Kuma jama'a, kakanninmu sun san wannan tun kafin a haifi Baturen nan. Fataken goro da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja, su sauka Salaga a Ghana ta yau, tafiyar watanni, wa suka sani a can? Fatoma. Shi zai sauke ka a zango, ya adana maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka idan ciniki na bashi ne, ya karɓi la'adarsa. Ba ɗan'uwanka ba ne, amma sunansa ne jarinsa. Ya ci amanar falke ɗaya, ayarin baɗi ba zai sauka gidansa ba. To abin da wayar nan take yi ke nan, sai dai watannin sun koma daƙiƙa. Amanar kuwa tana nan yadda take. Zan maimaita: amanar tana nan yadda take.

Ku ɗauki mace mai sayar da atamfa daga ɗakinta. Ta saro a Kwari, ta shimfiɗa turmi a tsakar gida da hantsi, don hasken rana ba ya canza launi yadda fitila take yi. Ta ɗauki hoto, ta rubuta yadi shida ne, ta rubuta kuɗin, ta ɗora a status ɗinta na WhatsApp. Ƙawarta ta gani ta tura wa matar wanta a Maraɗi. Aka turo kuɗi, ta ɗaure kaya ta rubuta suna, yaro ya kai tasha, ta tura lambar direba. Kaya suka isa, launin da aka gani shi aka karɓa. Shi ke nan, matar Maraɗi ta zama fatomarta ba tare da albashi ba. Amma in ta ƙawata hoton har shuɗi ya koma kore, sau ɗaya za ta ci wannan kasuwar. Kuma mata, don Allah ku riƙa rubuta kuɗi. Wannan "ki biyo ni ta ciki" yana korar mai kunya. Ku sani kuma status awa 24 yake yi, kuma ba mai ganinsa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Don haka gaisuwa tana cikin jari. Wanda ba ka taɓa yi wa barka ko ta'aziyya ba, ranar da ka turo masa hoton takalmi, ya san abin da ya kawo ka.

Na uku... ko na huɗu muke? Lokaci ya ja, bari in haɗe su. Masu neman aiki ku buɗe LinkedIn da sunanku na gaskiya da hoto na mutunci, ku rubuta abin da kuka iya. Masu shago akwai WhatsApp Business tun 2018, kyauta ne, kuna iya jera kaya da farashi. Zauren dangi kuwa, kowane gida akwai kawun da yake turo hoton fure da asuba. Ku bar shi, zumunci yake yi. Amma labarin da ba ku tabbatar ba, kada ku tura gaba.

Na'am Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Ta ce an ƙwace WhatsApp ɗin ƙanwarta, ana ta roƙon mutane kuɗi da sunanta. Allah ya kiyaye gaba, Hajiya, kin kyauta da kika tayar da wannan. Ga yadda suke yi. Ɓarawon zai sa lambarki a wayarsa, kamfanin ya turo miki lambobi shida ta saƙon tes. Sai ya kira ki da ladabi, ya ce daga zauren makarantarku ne, za a yi taro ko rabon tallafi, ki karanto masa lambobin. Kina karantowa, an fitar da ke. Lambobin nan ko mijinki ne ya kira, ki ce sai ya dawo gida.

Ita ƙanwar taki ta sake shiga da layinta, sabbin lambobi za su zo mata, tana sa su an kori ɓarawon. In ya riga ya sa lambar sirri tasa, za ta jira kwana bakwai, amma shi dai ya fita. Kafin nan a kira dangi da abokan ciniki baki da baki a sanar da su. Duk wanda aka roƙa kuɗi ta rubutu, ya kira ya ji murya tukuna.

Malam, ƙara min minti biyu. Kowa ya fito da wayarsa yanzu. Ku buɗe WhatsApp, ku shiga saiti, ku shiga wajen asusu, ku nemi tabbatarwa mai mataki biyu, ku sa lambar sirri shida, ban da shekarar haihuwa. Wanda ya rikice ya ɗaga hannu, samarin nan na gaba za su zagayo su nuna masa.