Linton Kwesi Johnson: Mawaƙin da Ya Kai Ƙarar Ingila da Harshen Uwarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Mutumin da zan yi magana a kansa yau sunansa Linton Kwesi Johnson. Ku riƙe sunan tsakiyar nan. 'Yan'uwanmu na zangunan Gana sun san shi, domin a wajen ƙabilar Akan, Kwesi suna ne na yaron da aka haifa ran Lahadi, wato Ɗanladi. Ran Lahadin kuwa aka haife shi, 24 ga Agusta 1952, a wani ƙaramin gari mai suna Chapelton a Jamaika. Mutanen karkarar can jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, kuma har gobe suna yi wa yara tatsuniyar Anansi mai wayo, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi.

Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta rasa masu yi mata aiki, sai ta waiwayi ƙasashen da take mulka. A 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan Karibiyan, yankin da Jamaika take, kusa da Landan, wasu suka yi ta biyo baya. Suka zama direbobin bas da kwandastoci da ma'aikatan jinya da leburorin masana'antu. Mahaifiyar Linton ta riga shi tafiya, shi kuma ya bi ta a 1963 yana ɗan shekara 11, suka zauna a unguwar Brixton da ke kudancin Landan. Waɗannan mutane da fasfo ɗin Birtaniya suka shigo, kiransu aka yi. Amma da suka iso, mai gidan haya ya rufe musu ƙofa, a makaranta kuma aka riƙa tura 'ya'yansu azuzuwan baya, sau da yawa don kawai malami bai gane maganarsu ba.

Yana makarantar sakandare ta Tulse Hill ya shiga ƙungiyar Black Panthers ta Birtaniya, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata. A can ya ci karo da rubuce-rubucen W.E.B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan Amurka, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa karatun nan ne ya tsuma shi ya fara rubuta waƙa. Ya haɗu da wasu makaɗa masu suna Rasta Love, yana karantawa suna buga masa ganga. Daga baya ya karanci ilimin zamantakewa a kwalejin Goldsmiths, ya shiga ayarin masu fitar da mujallar Race Today tare da ɗan gwagwarmaya Darcus Howe. Su ne suka buga littafinsa na farko a 1974.

To, a nan nake so mu ɗan zauna. Yaron da ya yi jami'a a Landan ya iya Turancin Sarauniya sarai. Da ya ga dama da shi zai rubuta, a yaba masa a ce baƙo ya ƙware. Sai ya ɗauki yaren Jamaika, wanda ake kira fatwa, yaren da ake yi wa kallon gurɓataccen Turanci, wanda uwa ke tsawata wa ɗanta da shi a kicin, ya ɗora shi a takarda yadda yake fita daga baki. Ko sunan ƙasar bai rubuta yadda masu ita suke rubutawa ba, Inglan yake sawa. Ni a ganina wannan ne babban aikinsa. Mutanen da yake ba da labarinsu da wannan yare suke kuka, da shi suke zagi idan an taka su. In aka juya kukan nan zuwa Turancin kotu, zafinsa ya tafi, abin da zai rage bai wuce rahoto ba.

Sannan ya ɗora kalmomin a kan kiɗan rege. Ya ce idan baiti ya zo masa, tare da amon jita mai kaurin murya yake zuwa, wadda suke kira bes. Wannan salo shi aka sani da waƙar dob. Mu da muka tashi muna jin ana rera rubutacciyar waƙa ba za mu yi mamaki ba, amma a Ingila ta wancan lokaci waƙa abar karantawa ce shiru a ɗaki. Da taimakon makaɗi Dennis Bovell ya fitar da faifai a 1978, wani a 1979, wani a 1980. Wanda ba zai taɓa shiga kantin littattafai ba sai ga shi ya haddace baitoci.

Bari in ba ku labarin waƙa ɗaya, Sonny's Lettah, wadda ta fito a faifan Forces of Victory na 1979. Akwai wata tsohuwar doka ta 1824 da ta ba ɗan sanda damar kama mutum a titi saboda kawai yana zargin zai aikata laifi. Ba sai an yi sata ba, ba sai an ga kayan sata ba, shaidar 'yan sanda biyu ta isa. Mutane suna ce mata sus, wato dokar zargi, kuma samarin baƙaƙen fata ta fi ci. Johnson bai tsaya yi mana sharhin doka ba. Wasiƙa ya rubuta, daga wani saurayi Sonny da ke kurkukun Brixton zuwa ga mahaifiyarsa. Ya fara da gaisuwa cikin ladabi, irin wadda kowane ɗa zai yi wa uwa, yana fatan ta same ta lafiya. Sai ya ce bai san yadda zai gaya mata ba, domin ya yi mata alkawarin kula da ƙanensa Jim. Suna tsaye suna jiran bas lokacin tashi daga aiki, motar 'yan sanda ta tsaya, mutum uku suka diro da kulake, suka cafke Jim. Suka yi ta jibgarsa. Sonny ya kasa tsayawa yana kallo, ya kai duka, ɗan sanda ɗaya ya faɗi ya mutu. Aka tuhumi Jim da zargi, aka tuhumi Sonny da kisan kai. A ƙarshe yana lallashin uwar kada ta sa damuwa a ranta.

Iyayenmu mata da ke nan, ku kuka fi mu sanin nauyin wannan takarda. Abin da ke kashe mini jiki duk lokacin da na saurara shi ne muryarsa. Ba ya ihu. A hankali yake karantawa, kamar mai karanta wa tsohuwa wasiƙa a zaure, har a wurin dukan ma da ƙyar muryar take ɗagawa. Kuma ba daga nesa ya hango abin ba. A 1972 shi kansa 'yan sanda sun lakaɗa masa duka a Brixton saboda ya tsaya yana rubuta lambobinsu lokacin da suke kama wasu samari, suka kai shi kotu, kotu ta sallame shi.

Shekarar 1981 ita ce ta fi nauyi. Daren 18 ga Janairu, gobara ta tashi a wani gida a unguwar New Cross ta Landan inda ake bikin zagayowar ranar haihuwa, matasa 13 baƙaƙen fata suka mutu. Jama'ar unguwa sun yi zargin masu ƙin baƙar fata ne suka cinna wutar, kuma abin da ya ƙara musu ciwo shi ne shirun da manyan ƙasa suka yi. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin marubuci kuma ɗan gwagwarmaya John La Rose, Johnson na cikin masu faɗi-tashi, ran 2 ga Maris mutum wajen 20,000 suka yi tattaki cikin Landan. Wata ɗaya bayan haka 'yan sanda suka mamaye Brixton suna tsayar da mutane suna caje su, unguwa ta kama da wuta. Jaridu suka ce tarzoma. Shi ya rubuta waƙa ya kira abin tawaye. A shekarar ce aka soke dokar zargi. Ba zan ce waƙa ce ta soke ta ba, iyaye mata da lauyoyi sun yi shekaru suna wannan yaƙi, amma waƙar ta sa wanda bai taɓa taka Brixton ba ya san akwai Jim. Game da gobarar kuwa, an yi zaman bincike sau biyu, a 1981 da 2004, duka biyun ba su tabbatar da musabbabi ba, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Waƙar da ya yi wa yaran nan tana nan, har yanzu ana karanta ta.

A 2002 kamfanin buga littattafai na Penguin ya sa zaɓaɓɓun waƙoƙinsa cikin jerin fitattun littattafansa na zamani. Shi ne baƙar fata na farko cikin mawaƙa da ya shiga jerin, kuma na biyu da ya shiga yana raye. Wasu masu sharhi sun yi ƙorafi, suna cewa wannan ai ba Turanci ba ne. Bai gyara harafi ɗaya don ya faranta musu ba. A 2020 aka ba shi lambar yabon marubuta ta PEN Pinter.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda, lokaci ya yi. Ina roƙon alfarmar minti huɗu. Ɗan'uwa mai kula da na'ura, don Allah ka kunna mana wasiƙar Sonny. Ko ba ku ji yaren ba, kun riga kun san labarin, za ku gane wurin da motar ta tsaya.