Sharhi: Masu Fodkas, Su Wa Ke Sauraron Ku?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan shirye-shiryen nan ne na murya da ake ɗorawa a intanet, waɗanda ake kira fodkas, da dalilin da ya sa har yanzu masu jin su ba su taka kara sun karya ba.

Ga wanda bai san abin ba, shiri ne irin na rediyo, sai dai ba shi da ƙayyadadden lokaci. Kai ne za ka buɗe a wayarka sa'ad da ka ga dama, ka tsayar, ka dawo baya, ka ƙarasa gobe. Matasanmu da dama sun shiga harkar, sun sayi makirfo, sun gyara ɗaki, suna fitar da shiri duk mako. Manyan kafafe ma suna yi. Jaridar Aminiya tana da Najeriya A Yau da Daga Laraba, BBC Hausa kuma ta yi Korona Ina Mafita a 2020 lokacin annoba. Amma ka tambayi mai ƙaramin shiri su wa ke sauraron sa. In zai faɗa maka gaskiya, abokansa ne, da abokan abokansa, da wasu masu irin shirin nasa. Yau wannan ya gayyaci wancan, mako mai zuwa wancan ya rama gayya. Ana ta kiɗa ana ta rawa, amma duk 'yan gida ne.

Wasu sukan ɗora wa jama'a laifi, wai mutanenmu ba su waye da abin ba tukuna. Ni ban yarda ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Ba don Allah da Annabi suka yi ta kashe kuɗinsu shekara da shekaru ba, sun san akwai kunne ne. Ko sauraro a lokacin da mutum ya zaɓa ma ba yau muka fara ba. Karatuttukan marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, daga kaset suka koma faifan CD, daga nan suka shiga memori, kuma har gobe ana jin su a motoci da shaguna.

Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko kowane shagon caji a unguwarku. Za ka tarar da yaro zaune gaban kwamfuta, wayoyi sun yi layi a kan tebur. Mutum ya miƙo tasa ya ce, "Malam, zuba min wa'azi, ka haɗa da fassarar Indiya, in akwai sabon littafi ka sa wa uwargida." Littafin nan ba na takarda ba ne, labari ne da wani ya karanta da murya, kashi-kashi. Da rana za ka ji shi a tsakar gida, an jefa wayar cikin kwanon silba don ta ƙara ƙara, ana wanke-wanke ana bin labari. Matar nan ba ta taɓa buɗe wata manhajar fodkas ba, kuma ta fi da yawa daga cikinmu awannin sauraro.

To mene ne ya buɗa kasuwar a inda ta buɗu? A Amurka an yi kusan shekara goma fodkas yana hannun 'yan ƙwalisar kwamfuta. Kamfanin Apple ya sa shi cikin iTunes tun 2005, amma sai wanda ya san hanya. A 2014 abubuwa biyu suka haɗu. A watan Satumba Apple ya fara saka manhajar a cikin wayoyinsa tun daga kamfani, ba sai ka nemo ba. A watan Oktoba kuma aka fara wani shiri mai suna Serial, inda 'yar jarida Sarah Koenig ta koma bin diddigin kisan wata ɗaliba a birnin Baltimore a 1999, da shari'ar saurayin da aka ɗaure, Adnan Syed. Kashi 12 ne, duk mako ta bar ka kana tambayar kanka, shin yaron nan ne ko ba shi ba ne? Mutanen da ba su taɓa jin fodkas ba suka riƙa tambayar 'ya'yansu yadda ake buɗewa. Abin da aka fi mantawa shi ne, kashin farko a gidan rediyo aka fara sa shi, cikin tsohon shirin This American Life mai ɗimbin masu sauraro. Rediyo ce ta kama hannunsu ta kai su.

Kuɗi kuwa an gwada. Spotify, kamfanin manhajar jin waƙoƙi, ya sayi kamfanin shirya fodkas na Gimlet a 2019, ya kuma ba fitaccen mai fodkas Joe Rogan kwangilar da aka ruwaito ta haura dala miliyan 100 a 2020, bisa sharaɗin kada a ji shi a ko'ina sai a manhajarsa. A 2023 sai ga Spotify yana sallamar ma'aikata 200 daga sashen fodkas, a 2024 kuma aka janye sharaɗin, shirin ya koma YouTube da Apple. A shekarar ce Google ma ya rufe tasa manhajar ta fodkas. YouTube, inda mutane suke zaune tun asali, shi ya kwashi garaɓasa, ya ce a farkon 2025 masu bin fodkas a kansa sun kai biliyan ɗaya a wata.

A wurinmu inda mutane suke zaune WhatsApp ne, da Facebook, da TikTok, da shagon mai turi (yaron nan mai zuba wa mutane abubuwa a waya), da rediyo. Duk wanda ya ce wa direban Adaidaita Sahu ya sauke sabuwar manhaja, ya buɗe asusu da imel, ya nemo sunan shiri da Turanci, ya riga ya sallame shi. Ga tsadar data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sauƙin da murya take da shi a nan yake: shirin rabin awa, in aka matse shi da kyau, bai wuce megabait 15 ba, bidiyonsa kuwa sai ya ninka haka sau da yawa. Amma abin mamaki, matasanmu kyamara suke fara saya, da fitilu, da kujeru masu laushi, sannan su ɗora hira ta awa biyu. Wa zai kalla? Mai wayafai a ofis.

Kuma hirar, ku yi haƙuri, yawancinta ba ta da inda ta dosa. Minti goma na farko gaisuwa ce da dariya da "ka tuna ranar nan?" Wanda ya san ku zai jure. Tela da ke kan keke yana ɗinkin Sallah ba zai jure ba, don bai san ku ba, kuma gidan rediyon garinsu yana nan yana ba shi rikicin siyasa da zafinsa. Abin da zai riƙe baƙo abu ne da yake buƙata ko labarin da bai ƙare ba. Farashin masara da waken suya a Dawanau duk ranar Litinin. Yadda ake bin haƙƙin fansho. Shari'ar gado guda ɗaya, a bi ta daga zaman farko har hukunci, a ɓoye sunaye. Tarihin unguwa daga bakin tsofaffinta tun suna raye. Ungozoma ta zauna da likita su yi ta musu a kan wankan jego. Irin wannan ne uwa take tura wa 'yarta ba tare da an roƙe ta ba.

Gidajen rediyo ma da nasu. Kullum ana watsa shirye-shirye masu kyau, da an rufe makirfo shi ke nan sun bi iska. Yanke su kashi-kashi a ɗora, a tura zaurukan WhatsApp, ba aikin da zai cinye kasafin tasha ba ne. Mai fodkas kuma da ya nemi minti goma sha biyar a tashar garinsu, ko da na daren Laraba ne, zai shiga gidajen da ba zai taɓa shiga da kansa ba.

Na san abin da masu shirin za su ce. Idan shiri ya fita ta Xender ko ta hannun mai turi, babu mai ƙirga shi, kuma da ƙirgen ake neman talla. Gaskiya ne. Sai dai rediyo a ƙasar nan ta shekara da shekaru tana sayar da talla ba tare da ta ƙirga kunnuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Mai shagon atamfa ya san tallarsa ta yi aiki idan mata suka shigo suna cewa a rediyo suka ji. Tallar da mai gabatarwa ya karanta da bakinsa a tsakiyar shiri tana bin shirin duk wayar da ya shiga, ko da intanet ko babu. A faɗi lambar waya a farko da ƙarshe, a ce wanda ya ji ya aiko da saƙon murya ya faɗi garinsu, a sa wasu daga cikin saƙonnin a kashi na gaba. Ranar da za a je wurin mai ba da talla, saƙonni daga Maraɗi da Mubi da Zangon Kumasi su ne takardar shaida.

Sharhin ke nan. Sai kuma wani jiƙon, a huta lafiya.