Kod iri ɗaya, fayil ɗin 16KB a nan, 800KB a can: wai me ya faru?

To jama'a barkanmu da warhaka. Ku duba allon nan, ɗan firogiram ne da aka rubuta da yaren firogiram na C, aikinsa kawai ya rubuta "sannu duniya" ya fita abinsa. Na gina shi a Linux da gcc, wato kwamfaila mai fassara kod zuwa yaren na'ura, fayil ya fito wajen 16KB. Yanzu ko harafi ɗaya ban taɓa ba, -static kawai na ƙara a umarnin, sai ga shi ya doshi 800KB. Ina wannan ƙiba ta fito?

Abin da ya kamata ku gane shi ne ba ku kaɗai kuka rubuta firogiram ɗinku ba. Ita printf ɗin da kuka kira don rubuta saƙon a allo ai ba taku ba ce, tana cikin laburaren C, wato tarin kod da aka riga aka tanada, da ake kira glibc, kuma bayan kwamfaila ta gama fassara kod ɗinku zuwa yaren na'ura sai linka ya zo ya haɗa naku da nasu. A karon farko linka bai kwaso komai ba, ya rubuta ne kawai cewa idan an tashi aiki a nemo libc.so.6, wato fayil ɗin glibc, a cikin kwamfutar. Kamar baƙon da ya zo da 'yar jakarsa don ya san akwai tabarma da buta a masauki. Da na sa -static kuwa sai ya zama amarya, gado da katifa da tukwane duk an lodo a mota, kuma ita glibc kayanta a sarƙe suke, ka ja abu ɗaya sai malloc mai rabon ƙwaƙwalwa da harkar harsuna da su waye da waye su biyo shi. Ku gwada da musl, wani laburaren C ne mara nauyi, za ku ga kayan sun ragu sosai.

Amma fa shi baƙon nan yana da tasa matsalar. Duk wanda ya taɓa buɗe firogiram a Windows aka ce masa babu fayil ɗin laburare na VCRUNTIME140.dll ya san zancen, an je masauki ba tabarma kenan. Shi ya sa Go, yaren da Google ta fitar a 2009, yake lodo kayansa tun farko har da mai share ƙwaƙwalwar da firogiram ya gama amfani da ita, "sannu duniya" ɗinsa ma sai ya kai wajen 2MB. Ni dai ban ga laifinsa ba, ka tura fayil ɗaya ya yi aiki ba ciwon kai.

Ita ma kwamfaila tana da hannu. Idan aka ƙara -O3 a umarnin takan kwafi ƙaramin aiki ta manna a duk inda aka kira shi don gudu, fayil ya kumbura, -Os kuma ƙanƙanta take nema ko da gudun zai ɗan ragu. Sai -g, wannan bayanan neman kuskure yake ƙarawa a fayil, sunayen abubuwa da lambar layi, firogiram baya buƙatarsu wajen aiki. Bari in buga strip, umarnin da ke cire irin waɗannan bayanai, a kan fayil ɗin nan ku gani, yauwa, ya sauka, kuma har yanzu yana cewa sannu duniya.