Abin da ke sa birni ya yi ta cin gonaki

Jama'a, in kun ga birni yana ta bazuwa, kada ku ɗora wa yawan mutane laifin duka. Ku buɗe kundin dokokin gini na hukumar birnin tukuna.

Mu fara da girman fuloti. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A ware 3,000 don tituna da magudanan ruwa, saura 7,000. Idan doka ta ce kada fuloti ya gaza mita 700, gida goma za a yanka. In an sauko zuwa 250, gida 28 ne. Kun ga ke nan, da layi ɗaya na doka, mutanen da hekta ɗaya za ta ɗauke sai sun ci kusan uku. Ga kuma sharaɗin wurin ajiye mota: kowace mota, haɗe da wurin juyawarta, tana cinye mita 25 zuwa 30.

New York ta kafa dokar raba gari shiyya-shiyya a 1916, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan tsari a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio a 1926. Da aka nisanta gida da kasuwa da wurin aiki, mota ta zama dole. Yawanci mutum yakan jure tafiyar kusan rabin awa zuwa aiki, don haka titin da ya ninka gudu sau biyu yana buɗe fili ninki huɗu.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Sabuwar unguwa tana kawo wa hukuma kuɗin izini nan take. Gyaran bututun ruwa da kwalta kuwa sai bayan shekaru yake tasowa, kuma kan hukumar yake faɗawa. Gidaje ƙalilan a kan dogon bututu ba sa biyan kuɗin gyaransa, sai a amince da wata sabuwar unguwa don a cike giɓin tsohuwa.

Wasu sukan ce a shata wa gari iyaka, kamar yadda Landan ta yi da dokar 1938, birnin Portland na Amurka kuma a 1979. Iyaka kaɗai ba ta isa. In ba a sassauta gini a ciki ba, farashin fili ya tashi, magina su tsallake iyakar su yi gini can gaba, tafiya ta ƙara tsawo. Misalin irin wannan sassauci shi ne, a 2018 majalisar birnin Minneapolis na Amurka ta yarda a gina muhallin iyali uku a fulotin da a da na iyali ɗaya ne.