Amosanin Ido: Me Ya Sa Ya Fi Kama Mata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. A ƙauyukan Daura, ba abin mamaki ba ne ki ga dattijuwa ta ƙulle matsefata a bakin zanenta. Ba don cire ƙaya take yawo da ita ba. Gashin idonta ne ya juya ciki yana sukar ƙwayar idon, kullum sai ta sa jikarta ta tsige mata shi. Wannan yana cikin matakan ƙarshe na amosanin ido.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma ta fi zama a idon ƙananan yara. Tana bin kwantsa da majina. Ƙuda ya sauka a fuskar wannan yaro, ya tashi ya sauka a ta wancan. To wa ke goya yaron? Wa ke share masa fuska da gefen mayafi, an jima ita ma ta goge nata idon da shi? Uwa ce, ko yaya, ko kaka. Shi ya sa mace ke kamuwa ta warke, ta sake kamuwa, shekara da shekaru. Duk kamuwa ɗaya tana barin tabo a cikin fatar ido, tabon ya yi ta tattarewa har ya jawo gashin ya lanƙwasa ciki. Daga nan duk ƙiftawa karcewa ce, har hakiya ta rufe baƙin idon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matan da cutar ke makantarwa na iya kaiwa ninki huɗu na maza.

Tsigewar nan sauƙin 'yan kwanaki ce, gashin zai sake tsirowa. Abin da ke gyarawa shi ne ƙaramin aiki a fatar idon. Ana kashe zafin wurin da allura, a mayar da gashin waje, ki koma gida a ranar. Amma fa idan hakiya ta riga ta zauna, aikin ba zai dawo da gani ba. Don haka maigida, kada ka ce a bari sai an sayar da amfanin gona.

Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin azithromycin, a ba kowa a gidan, har wanda idonsa garau yake. A wanke wa yara fuska da ruwa mai tsabta, kowa da tsummansa. A yi masai, domin a bayan gidan da aka yi a fili ƙudan ke hayayyafa. Tsinken kwalli ma, kowace ta riƙe nata.

Ghana ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a tun 2018. Idan akwai wadda kika sani tana tsigar gashin ido, ki raka ta asibiti mafi kusa a duba ta, in da buƙata a tura ta asibitin ido na Katsina.