Fodkas: Yadda ake tsirar da ɗorawa daga kalwa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Kaduna. Yau ɗorawa ce a gabanmu. Malam, mutane na kukan sun shuka kalwa, wata guda shiru.

Malam: Ɓawon ne, yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Ka samu abin yanke farce ka ɗan ɓantare gefen ƙwayar, nesa da idonta, sai ka jiƙa ta kwana ɗaya. In kalwar da yawa, tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba mata, ka bari ya huce a kanta har wayewar gari.

Hajiya: A sauke fa! In ta tafasa a kan wuta, ta zama ta daddawa.

Malam: Ƙwarai. Wadda ta taso saman ruwa kuma a zubar, ƙwaro ya riga ya cinye cikinta. Wadda ta kumbura ita ake so. A cika leda da ƙasar gona kashi 2, yashi 1, ruɓaɓɓen taki 1, a huda gindin ledar, a binne ƙwaya 2 zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako 1 zuwa 2 za ta fito, a cire mai rauni. Ban ruwa sau ɗaya a rana ya isa, in ya yi yawa gindin tsiron ke ruɓewa.

Mai gabatarwa: Wane lokaci ya fi?

Malam: Fabrairu ko Maris, da kalwar bara, don a dasa a Yuni ko Yuli lokacin da damina ta zauna. Amma ga inda ake asara: saiwarta doguwa ce, ƙasa take nufa. In ta daɗe a leda sai ta nannaɗe ko ta huda ta kama ƙasa, kana ɗagawa ta tsinke. Don haka a nemi leda mai zurfi, a riƙa gusar da ita duk mako 2. Wajen dashe a yage ledar, kada a fasa ƙasar, a bar aƙalla mita 10 tsakanin itace da itace. Sannan shinge, saboda awaki, da share ciyawa kafin gobarar rani.

Mai gabatarwa: Sai yaushe za a sha gari?

Malam: Kada wanda ya sa rai kafin shekara 7 zuwa 10. Tutu, wato furen ɗorawa, na fitowa da rani, jemagu ne ke yi mata barbara da dare, 'ya'yan su nuna wajen Afrilu da Mayu.

Hajiya: Daga nan aiki ya dawo hannunmu. Garin nan rawaya a dama a sha. Kalwa kuma, in daddawa za a yi, a dafa ta wuni guda, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye da buhu kwana 2 zuwa 3. In sanyi ya shige ta ba za ta ruɓa daidai ba, sai ta yi tauri babu ƙamshi.

Mai gabatarwa: Kwasfar fa, Hajiya?

Hajiya: Makuba ke nan. A jiƙa ta, a yayyafa ruwan a daɓe ko a shafe katangar ƙasa, ruwan sama ba ya saurin cinye ta. Magina a Zariya sun san wannan tun kafin zuwan siminti.